Man giyar atomatik: a juye ko a bar shi yadda yake?

Mai Big Daddy:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Camry Big Daddy ce mai silinda 4, ta ci mil 140,000. Man giyarta ya koma ruwan ƙasa amma ba ya ƙauri, giya kuma tana shiga lafiya. Wasu sun ce kada a kuskura a taɓa man atomatik, wai da zarar an juye giyabos zai mutu. Wasu sun ce a wanke shi da inji gaba ɗaya. Masana, wanne ne daidai, wane mai ake zubawa, kuma lita nawa?

Oga Giyabos:
Wa alaikumus salam. Malam, a juye shi. Yadda ka kwatanta man, yanzu ne ma lokacinsa, tun bai ƙone ba.

Man giyar atomatik ba shafawa kaɗai yake yi ba kamar baƙin mai. Shi famfo ke turawa da ƙarfi ya matse fiba, wato faifan kuloci na cikin giyabos, ta kama, shi ke ɗaukar juyin inji ya miƙa wa giyabos a cikin kwanbata, wato tulun da ke tsakanin inji da giyabos, shi ne kuma ke kwashe zafi ya kai lagireto. Akwai sinadaran da aka zuba masa don fiba ta kama a hankali ba da fizga ba, kuma zafi yana cinye su sannu a hankali. Da sun ƙare sai ka fara jin mota tana ɗan karkarwa tsakanin gudun kilomita 50 da 70 a awa, ko giya tana shiga da duka.

Taka man Toyota mai suna T-IV take sha. Zaro gejin ka duba, Toyota kan buga sunan man a jikin ƙarfen. Idan ka kwance notin juye, wajen lita 3.5 zai sauko, alhali giyabos ɗin yana riƙe da kusan lita 8. Sauran yana cikin kwanbata da bodin bawul da tiyoyin sanyaya.

Baba Makanike:
Oga, ban ƙi taka ba, amma maganar da mutane ke yi ba daga iska ta faɗo ba. Akwai giyabos ɗin da ake juye masa mai yau, jibi ya ƙi tafiya. Wannan ba wanda zai musa.

Oga Giyabos:
Gaskiya ne Baba, amma a duba wane giyabos ne. Wanda fibarsa ta riga ta cinye, garinta ya cika man ya yi kauri, wannan garin ne ke ɗan taimaka wa faranti su kama. Ka zubar da shi ka sa sabo mai santsi, sai zamewar ta fito fili. Sabon mai bai kashe shi ba, ya same shi ne a bakin kabari. Kuma mafi yawan masu mota ba sa tuna man giya sai ta fara zamewa, shi ya sa laifin ke faɗawa kan juye.

Ga yadda ake rarrabewa. A ɗiga man a farar takarda. Ja ne ko ruwan ƙasa mai haske, ya bazu, ba ƙauri: a juye ba fargaba. Baƙi ne ƙirin, yana warin ƙonannen tuwo, ka murza a yatsa ka ji tsaki-tsaki, sannan inji na ƙugi mota ba ta ja: wannan aikin buɗewa ne, ko man zinariya ka zuba ba zai mayar da fibar da ta tafi ba.

Injiniya Kaduna:
Bari in ƙara kan launi, domin yana yaudara. Jan da ake gani rini ne kawai aka sa don a bambanta shi da baƙin mai. Man WS na Toyota yakan yi duhu da wuri alhali yana da sauran ƙarfi. Hanci da yatsa sun fi ido faɗin gaskiya a nan.

Sai lissafin juye, don Mai Big Daddy ya san abin da yake saya. Lita 3.5 cikin 8, juye ɗaya ya bar kashi 56 cikin 100 na tsohon mai. A yi tafiya man ya gauraya, a sake juyewa, saura kashi 32. Na uku, saura kashi 18. Ke nan da lita 10.5 ka sabunta fiye da kashi 80 ba tare da an tura komai da ƙarfi ba. Tsakanin juye da juye a bar motar ta yi ko da kilomita 200 zuwa 500 tana shiga duk giyoyinta.

Mai Kayan Gyara:
Injiniya, to wankin inji fa? Ai shi yana fitar da duka lokaci guda.

Injiniya Kaduna:
Alhaji, iri biyu ne. Akwai wanda ke tura mai da nasa famfon, wani lokaci har da maganin wanki. Wannan ban yarda da shi ba a tsohuwar mota, domin yana ɓamɓaro dattin da ya daɗe a kwance ya kai shi cikin bodin bawul, inda ramuka suke kamar hancin allura. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a bawul ko sulunoyid, giya ta rikice.

Akwai kuma musaya ta tiyon sanyaya, wadda famfon giyabos ɗin kansa ke yi. A juye kasko, wato mazaunin mai da ke ƙasan giyabos, a cika da sabo. A cire tiyon da ke dawo da mai daga lagireto, a sa bakinsa cikin galan mai alamar lita. A tayar da mota a sulo, lita 1.5 zuwa 2 ta fito, a kashe. A zuba daidai abin da ya fita ta bututun geji. A maimaita har mai fitowa ya yi ja kamar mai shiga, yawanci lita 10 zuwa 12. Sharaɗin kawai, kada a bari tiyo ya fara tofar da kumfa, domin wannan alama ce famfo ya fara shan iska. Aikin mutum biyu ne, ɗaya a kan makulli ɗaya a kan galan.

Baba Makanike:
Wannan ta biyun na yarda da ita. Amma motar da ta kai mil 140,000 ba a san tarihinta ba, ni dai juye uku zan ce, kuma na farkon a sauke kasko a ga abin da ke ciki. Kasko ba ya ƙarya.

Ga yadda aikin yake a Big Daddy. Mota ta ɗan yi ɗumi, a hau rami ko a ɗaga ta daidai, ba gaba sama baya ƙasa ba. Notin juye da alanki mai lamba 10 ake kwance shi. A tara man a roba a auna, kada a zubar sai an san lita nawa ya fito. Notukan kasko 18 ne masu kan 10, wasu firem ya ɗan tare su sai an bi da haƙuri. A bar biyu a gefe ɗaya ba a cire duka ba, a karkato kaskon, domin akwai sauran mai a ciki da zai wanke wa mutum hannu har gwiwa.

Cikin kaskon akwai maganaɗisu. Idan abin da ya manne laushi ne, toka-toka kamar kwalli da aka kwaɓa da mai, wannan cin yau da kullum ne, a goge a mayar inda aka same shi. Idan kuwa ya yi tsaye kamar ƙaya, ko akwai ɓarɓashi da farce zai iya ɗauka, ƙarfe na cin ƙarfe, boris ko haƙorin giya. Ɓarɓashi mai ruwan zinariya a ƙasan kasko tagullar bushi ce ko wasa. Mai ƙyalli fari da bai kama maganaɗisu ba alminiyam ne. Baƙin gari mai yawa kamar dusa, fiba ce.

Filta notuka 3 ne ke riƙe da ita. Idan an zaro ta, wani man zai ƙara zubowa, a haɗa shi cikin lissafi. Abin da ya fi kayar da mutane a nan shi ne robar bakinta. Tsohuwar kan maƙale a rami, sai a cusa sabuwa a kanta, ko a manta ba a sa ba sam. Ko wanne aka yi, famfo zai riƙa jan iska ta gefe, mai ya yi kumfa, ƙarfi ya faɗi, fiba ta ƙone cikin 'yan kwanaki. A shafa wa sabuwar roba man giya kafin a tura.

Kasko a wanke da fetur ko kananzir a bar shi ya bushe sarai. Kada a goge cikinsa da tsumma mai zare. A sa sabon fakin, wato abin da ke shiga tsakanin kasko da giyabos ya hana yoyo. Notukan a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, ƙarfinsu a ma'aunin ɗaure noti bai kai Nm 8 ba, wato abin da 'yan yatsu biyu za su ja a kan ƙaramar sifana. Notin juye Nm 49 da sabuwar wasa.

Oga Giyabos:
Allah ya saka da alheri Baba. In ja kunne kan gam. Inda kamfani ya sa fakin, fakin za a mayar. Masu lafta gam har yana tsatsowa, abin da ya tsatso waje haka ya tsatso ciki, zai gutsure ya je ya toshe filta. Matse noti da ƙarfi kuma lanƙwasa leɓen kasko yake yi, sai yoyo ya ƙaru maimakon ya tsaya.

Mai Big Daddy:
Na gode ƙwarai. Dole ne a canja filtar, ko wankewa ta isa?

Mai Kayan Gyara:
Ya danganta da irinta. Mai ragar ƙarfe ana iya wanke ta a hura mata iska a mayar, in dai ragar ba ta yage ba. Mai ƙyalle ko takarda a ciki ba ta wankuwa, sai sabuwa. Kuma in faɗa muku gaskiya a matsayin mai sayarwa, tsohuwar filta ta asali mai lafiya ta fi sabuwa ta bogi. Ta bogin robar bakinta ba ta zama daidai, wata kuma ƙyallenta ya yi tauri har mai ba ya wucewa sosai da sanyin safiya. A ɗora sabuwa a kan tsohuwa a gwada tsawon wuya da wurin notuka kafin a biya kuɗi.

Alamar filta ta toshe sananniya ce: da safe mota ta tashi ta yi tafiya lafiya, bayan minti 10 ko 15 ta fara kuka siriri kamar na famfon sitiyari, sannan ta daina ja gaba ɗaya. Ka kashe ta minti 5, ka tayar, ta sake tafiya kaɗan. Dalili, da aka kashe inji dattin ya saki ragar ya faɗo ƙasa, da aka tayar ya sake taruwa. Sai dai a sani, dattin da ya isa ya toshe filta daga fiba ya fito, don haka sabuwar filta jinkiri kawai za ta saya.

Hajiya Mai Accord:
Sannunku da ƙoƙari. Tawa Accord EOD ce. An ce mini kowane jan mai ya yi, tunda duk ATF ne, wato man giyar atomatik. Haka ne?

Injiniya Kaduna:
Ranki ya daɗe, ba haka ba ne, kuma a Honda ma abin ya fi tsanani. Nata Z1 ne tun asali, Honda ta maye gurbinsa da DW-1, shi ake samu yanzu kuma shi za a zuba. Dexron da ake sayarwa ko'ina yana sa giyar Honda shiga da duka.

Giyabos ɗinki ba shi da kasko irin na Toyota, filtarsa ta ciki ba a kai gare ta sai an raba shi biyu, sai dai wasu suna da ƙaramar filta a waje wadda ake iya canjawa. Saboda haka juye a kan kari shi ne gatansa. Notin juye kan rachet mai 3/8 ne ke shiga raminsa kai tsaye, maganaɗisun yana jikin notin, a goge shi. Abin da ke fita bai cika kai lita 3 ba. Awonsa ma daban ne: mota ta yi zafi, a tsaya a wuri mai daidai, a kashe inji, a zaro geji cikin daƙiƙa 60 zuwa 90. Toyota kuwa inji na aiki ake aunawa, giya a P, bayan an bi da ita ta kowane matsayi ana taka birki, mai ya kai zafin digiri 70 zuwa 80, ya tsaya tsakanin alamomin HOT. Wanda ya auna Toyota a kashe zai ga kamar ya yi yawa ya rage, ya bar ta da ƙishirwa.

Tunda an zo nan, ga na sauran da suka fi yawa a titunanmu. Camry Muscle da Toyota na bayanta WS ne, ya fi T-IV tsinkewa, kuma ba a musanya su. Hyundai da Kia tsofaffi masu giya 4 SP-III, masu giya 6 SP-IV. Ford akwai Mercon V akwai Mercon LV, ba ɗaya ba ne. Dexron VI na GM ne, ya fito a 2005. Masu giyabos irin CVT kuma duniyarsu daban: Nissan NS-2 ko NS-3, Accord mai silinda 4 daga 2013 HCF-2, yawancin Corolla 'yan Amurka daga 2014 CVT FE. CVT bel na ƙarfe ne tsakanin fuli biyu, ka zuba masa jan mai na gama-gari bel ya zame ya karce fuli, shi ke nan.

Mai Kayan Gyara:
Kuma a kula da jabu, Hajiya. Gwangwani mai kyau ba shaida ba ne, ana tara tsofaffi a sake cikawa. A duba hatimin murfi, a duba ko rubutun lambar ƙasa yana gogewa da yatsa, a saya inda za a ba da rasit. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa da rabi, akwai dalili. Bayan an juye a huda gwangwanin kafin a yar.

Makanikin Maraɗi:
Ina gaisuwa ga manya. Ba a taɓo Peugeot ba, ga su nan da yawa wajenmu da wajenku, 406 da 307 da 206 masu giyabos AL4. Nasu LT 71141 ne, launinsa ruwan zuma ba ja ba, don haka kada a ga ba ja a ce ya lalace. Ba shi da geji. Noti biyu ne a cikin juna a ƙasa: na ciki na awo, na waje na juye. Kusan lita 3 ke fita. Ana auna shi inji na aiki, mai a wajen digiri 60. Idan motar ta buga ta maƙale a giya ta 3, galibi sulunoyid biyu na matsin mai ne a bodin bawul, kuma tsohon mai mai datti yana cikin abin da ke gajiyar da su.

Oga Giyabos:
Madalla. Marasa geji su ne inda ake ta ɓarna yanzu. Camry Muscle V6 da Camry masu giya 6 na 2010 zuwa sama duk haka suke. An ce wai an rufe su har abada. ZF da ke ƙera giyabos ɗin BMW da wasunsu da kansa ya ce a canja tsakanin kilomita 80,000 da 120,000 ko shekara 8, kuma wannan ba a zafin Sakkwato na watan Afrilu ba ne.

A Toyota mara geji, notin ƙasa idan ka cire shi da alanki 6, akwai bututun roba a cikin ramin, tsawonsa shi ne ma'auni. Cire noti kaɗai ɗan kaɗan zai fito. Sai ka sake zura alankin ka kwance bututun sannan kasko ya juye. A mayar da bututun da hannu kawai, roba ce, tana karyewa. A zuba mai ta notin gefe, abin da ya fita da ƙarin kamar rabin lita. Kafin komai a tabbatar notin gefen yana kwantuwa, kada a juye sannan a tarar ya ƙi. A tayar, a bi giyoyi, a sa sikana a kan zafin man. Idan ya shiga tsakanin digiri 35 zuwa 45, gwargwadon samfurin, a cire notin ƙasa inji na aiki, a bar rarar ta zuba har ta koma siririn zare, a rufe.

Zafin nan ba ado ba ne. Mai yana kumbura idan ya yi zafi. Ka auna a digiri 80, abin da zai zubo ya wuce ƙa'ida, giyabos ya rasa mai. A garuruwanmu da rana tsaka man da ke cikin motar da ba a tayar ba ma ya kusa 40, saboda haka aikin sassafe ne, motar ta kwana a gareji.

Baba Makanike:
Wanda ba shi da sikana, a Toyota ana haɗa fil na 4 da na 13 a soket ɗin OBD, inda ake jona sikana, da 'yar waya, a tayar, a riƙa kai giya N zuwa D da sauri na daƙiƙa 6 har fitilar D ta kama na daƙiƙa 2, a mayar P a cire wayar. Idan zafi ya kai, D za ta kama ta tsaya. Idan tana ƙiftawa ya wuce, sai a jira ta huce. A ƙirga fil ɗin da kyau, na 16 wutar batir ce.

Mai Big Daddy:
To bayan wannan, duk yaushe zan riƙa yi?

Injiniya Kaduna:
A yanayinmu na zafi da ƙura da gosulo da lodi, juye ɗaya duk kilomita 40,000 zuwa 50,000, ko shekara 2 zuwa 3. Lura, agogon motarka mil yake ƙirgawa, mil 30,000 shi ne kilomita 48,000. Kasko da filta duk juye na biyu ya isa. Motar haya da CVT a rage tazarar.

Amma wanda ya juye mai ya bar lagireto a lalace bai yi komai ba. Man giya ta cikin lagireto yake bi ya huce. Yana son zama wajen digiri 80, kuma a ƙiyasin da aka saba, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin tsufansa. Fanka da ba ta tashi, lagireto da laka ta toshe, duk giyabos ne ke biya. Zuba ruwan rijiya zalla maimakon kulan kuma yana cin bututun da ya raba ruwa da mai. Ranar da ya huje, za ka zaro geji ka ga abu kamar an dama madara da zoɓo. A kashe motar nan take, domin ruwa yana narkar da gam ɗin da ya manne fiba da farantinta. Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da wannan. Haka idan mota ta ratsa ruwa mai zurfi da damina, a duba man washegari, yana shiga ta hancin numfashin giyabos.

Cire tamostat ma yana taɓa giya. Kwamfutar mota ba ta sakin giyar sama da kullin kwanbata sai ruwan inji ya yi ɗumi, don haka da sanyin hunturu motar za ta daɗe tana ƙugi a ƙaramar giya tana shan fetur.

Hajiya Mai Accord:
Idan an zuba ya ɗan wuce alama fa, akwai matsala?

Oga Giyabos:
Akwai, Hajiya. Idan ya yi yawa, ƙarafan da ke juyawa suna kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuma ba ta matse fiba, ba ta sanyaya, wani lokaci har ya yi amai ta hancin numfashi ya zuba kan salansa. Ya wuce alama da kamar faɗin farce ba abin tashin hankali ba ne, amma rabin lita a rage. Ba sai an kwance noti ba: babban sirinji da siririn tiyo ta bututun geji, a zuƙo kaɗan, a sake aunawa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin geji bai wuce rabin lita ba, saboda haka ƙari ma kwata-kwata ake yinsa da mazurari mai tsabta, ba wanda aka zuba baƙin mai da shi ba. Bayan aiki a yi tafiyar kilomita 10 zuwa 15, a sake aunawa, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe a duba ko ya ɗiga.